Jijiya, Shawara da Hawan Jini: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Jiki

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan jiki da ciwo suka taru, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan wasu fannonin su yi haƙuri, sai wani jiƙon.

Malam, likita ya ce ciwon jijiya ke damun ƙafar mahaifiyata. Wani likitan ya duba ya ce jijiyoyinta lafiya lau, jini na gudu. Wa ya yi kuskure?

Mai yiwuwa babu wanda ya yi kuskure, ɗan'uwa. Kalmar ce aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. Bahaushe ya dubi duk wani abu dogo, siriri, mai kama da igiya a cikin nama, ya kira shi jijiya, har saiwar itace ma jijiya ce. A ido kuwa ya yi daidai. A aiki ne suka rabu, kuma rabuwar har gida huɗu.

Akwai jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta kai shi gaɓoɓi. Bangonta kauri gare shi, tana da tsoka, kuma ita ce ke harbawa. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta ɓangaren babban yatsa, za ka ji ta, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga baligin da ke zaune yana hutawa. Akwai wadda ke mayar da jinin zuwa zuciya. Ita ce koriyar nan da ake gani a bayan hannu, bangonta sirara ne, ba ta harbawa, kuma a cikinta akwai 'yan ƙyamare da ke hana jini komawa baya. A nan ake ɗibar jini, a nan ake sa ƙarin ruwa. Ta uku ba ruwanta da jini sam. Fara ce, saƙo take ɗauka tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da sauran jiki, irin saƙon lantarki, kuma mafi saurinta kan kai gudun mita 120 a daƙiƙa. Ta huɗu ɗauri ce kawai, tana haɗa tsoka da ƙashi ko ƙashi da ƙashi. Agara, wadda ke bayan dunduniya, ita ce babbarsu, kuma ita kaɗai ta yi sa'ar samun sunan kanta.

To likitan farko ta uku yake nufi, na biyu kuma ta farko ya auna. Idan mahaifiyarka na jin ƙafar kamar ana tsira mata allura, ko tafin ƙafar na zafi da dare, ko ya mutu ba ta jin taɓi, wannan aikin jijiyar saƙo ne, kuma ciwon suga da ya daɗe na cikin manyan masu jawo shi. Da jijiyar jini ce ta toshe, da ƙafar ta yi sanyi, sha-raɓa ya riƙa ƙullewa in ta yi tafiya, ya saki in ta tsaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu fassara bayanin lafiya da ke zuba "jijiya" tsirararta a kowane layi, su bar mai karatu ya yi canki-canka. Kalma ɗaya a gaba ta isa: jijiyar jini, jijiyar saƙo, jijiyar ɗauri. Bambancin ba na ƙawa ba ne. Wanda ya yanke jijiyar jini mai harbawa, jinin ja wur ne, yana tsartuwa, abin yi shi ne a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, minti goma ba a ɗaga ana leƙawa ba, a nufi asibiti. Wanda aka ce "allura ta taɓa masa jijiya" har ƙafa ta saki, babbar jijiyar saƙo da ta ratsa ɗuwawu aka soka, shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa ke raba ɗuwawun gida huɗu a ido ya yi allurar a kashin sama na waje. Irin wannan jijiya in za ta farfaɗo, kusan milimita ɗaya take tsirowa a rana, don haka watanni ake lissafi. Shi kuwa mai tayar da jijiyar wuya a wajen musu, mai mayar da jini zuwa zuciya ce ke kumbura masa, saboda ya cika ƙirji da iska yana yunƙuri, jinin da ke saukowa daga kai ya rasa hanyar wucewa da sauri.

Me ake nufi da "ba shi da laka"?

Ba shi da ƙarfi ko kuzari. Lakar nan ita ce farar igiyar da ke cikin ƙashin baya, ba lakar bakin rafi ba. In ta tsinke, duk abin da ke ƙasa da wurin ya daina motsi, don haka maganar ta zauna daram.

Na ga ana rubuta "ciwon koda" da "dashen bargo". Daidai ne?

Ba daidai ba ne, malama. Ƙoda ce, da ƙ mai lanƙwasa, ɓargo kuma da ɓ. Bargo na lulluɓa ne, ba a dasa shi. Yawancin wayoyin yanzu suna da haruffan nan, lalaci ne kawai.

Tunda an taɓo ƙoda, bari in gyara wata. "Wankin ƙoda" da ake faɗa, ba ƙodar ake wankewa ba, jinin ake wankewa. Ƙoda biyu ne, kowace kamar dunƙulen hannu, a cikin kowace akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. A kwana ɗaya suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. In sun gaza, na'ura ce ke karɓar aikin: a fito da jini ta tiyo, ya bi ta matata, a mayar, galibi sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Ƙodar tana nan yadda take. "Wankin jini" ya fi gaskiya, amma ɗayan ya riga ya kama baki, na san ba za a saurare ni ba.

"Abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa." Akwai gaskiya a zahirin maganar ko hikima ce kawai?

Ma'anarta dai sananniya ce, abin da ya sami makusancinka ya same ka. Zahirinta kuwa gaskiya ne ta hanya biyu. Jijiyar saƙon da ke jin taɓi a cikin hanci da wadda ke ji a ido rassan uwa ɗaya ne, don haka in hanci ya ji duka ko yaji, saƙo na zuwa ga 'yar jakar hawaye da ke ƙarƙashin fatar ido ta sama, ta gefen kunne, ta saki ruwa. Sannan akwai hanya ta gaske tsakaninsu. Ja fatar idonka ta ƙasa a gaban madubi, ka dubi kusurwar da ke kusa da hanci, za ka ga ɗan rami kamar bakin allura. Akwai irinsa a fatar sama. Ta nan hawaye ke zurarewa cikin hanci, abin da ya sa mai kuka ke jan majina, ya kuma sa mai ɗiga maganin ido ke jin ɗacinsa a maƙogwaro. In ka ɗiga, rufe idon ka danne wannan kusurwa da yatsa minti ɗaya ko biyu, maganin ya zauna inda aka aike shi.

Malam, "hawan jini" na nufin jini ya yi wa mutum yawa ne?

A'a, kuma wannan fahimta ta yi ɓarna ba kaɗan ba. Jinin baligi kusan lita biyar ne, na mai hawan jini ma haka yake. Abin da ya hau shi ne ƙarfin da jinin ke tura bangon jijiya da shi. Ɗauki tiyon ba da ruwa ka toshe rabin bakinsa da yatsa. Ruwan bai ƙaru ba, amma dubi yadda yake feshi. Haka ƙananan jijiyoyin jini suke in sun tsuke ko sun yi tauri, zuciya sai ta ƙara ƙarfi kafin ta tura abin da ta saba turawa. Don haka rage wa mutum jini ba ya warkar da shi, kuma wanda jininsa ya yi ƙaranci, fari fat, yana iya zama mai hawan jini a lokaci guda. Mutane kan yi mamakin wannan, alhali abu biyu ne daban, kalmar "jini" ce kawai ta haɗa su.

Lambobi biyun da ake karanta maka, na sama ƙarfin turi ne lokacin da zuciya ta matse, na ƙasa lokacin da ta saki tana cika. Wajen 120 bisa 80 shi ne madaidaici. In ana samun 140 bisa 90 ko sama, a ranaku daban-daban, an shiga hawan jini. Na ce ranaku daban-daban, domin awo ɗaya ba ya yanke hukunci, balle awon da aka yi wa wanda ya shigo yana haki. Yadda ake yi: a zauna minti biyar shiru, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore kan tebur daidai tsayin zuciya, mara ba fitsari, ba a sha taba ko kofi ba cikin rabin awar da ta wuce. Ba a magana lokacin awo. A auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani. Abin ɗaurin ma sai ya dace da damtse, domin ƙaramin ɗauri a babban damtse lamba mai yawa yake bayarwa ta ƙarya.

Sai kuma masu cewa "jinina ya hau" duk sanda aka ɓata musu rai, da masu cewa "ai in ya hau ina ji a kaina". Na farkon salon magana ne, na bar su. Na biyun ne abin tsoro. Mun gaji "jiki magayi", kuma karin magana ce mai kyau, amma a nan jiki ba ya gaya wa kowa komai. Mafi yawan masu hawan jini garau suke ji shekara da shekaru, yana cin ƙoda, yana kumbura zuciya, yana lalata jijiyoyin bayan ido, ranar da zai yi magana kuwa sai dai a ga baki ya karkace. Shi ya sa ajiye magani don "na ji sauƙi" kuskure ne. Maganin riƙe shi yake yi, in an saki ya koma. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram biyar a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da kayan ɗanɗano.

Tunda na ambaci karkacewar baki: "shanyewar ɓarin jiki" suna ne da ya faɗi abin da ido ya gani, amma ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, na dama kuma hagu. Fuska ta karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, to ba lokacin murza hannu da mai ba ne. Allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba.

Daga ina "sanƙarau" ta samo asali?

Daga sanƙarewa. Rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ce ke kumbura, wuya ya sanƙare, haɓa ta kasa taɓa ƙirji. In ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ba a kwana da shi a gida.

Shawara cuta ce guda, ko kuwa? Na ji ana cewa ciwon hanta ne, wasu su ce daban.

Ga wata kalmar da ke faɗin abin da aka gani, mutane su ɗauka ta faɗi dalili. Shawara alama ce: farin ido ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Abin da ke rina idon wani launi ne da ke fitowa in jajayen ƙwayoyin jini sun mutu. Kowace ƙwaya kwana 120 take yi, sai saifa ta rushe ta, launin ya tafi hanta, hanta ta sarrafa shi ta zuba cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji, shi ne ma ke ba bayan gida kalarsa. Hanya ce mai zango uku, kuma ko'ina aka samu cikas launin zai taru a jini.

In ƙwayoyin na fashewa da yawa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sikila, ido zai yi shawara alhali hantar lafiyarta ƙalau. In hantar ce ta kumbura, nan ne ciwon hanta ya shigo, shi ma iri-iri: nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci, B da C ta jini, allura ko reza da aka yi tarayya, B kuma har ta saduwa da daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. In kuwa hanyar matsarmama ce ta toshe, da tsakuwa ko ƙari, za a ga bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, jiki na ƙaiƙayi. Uku ɗin nan maganinsu bai haɗa hanya ba, na ƙarshen ma sau da yawa sai an yi aiki. Saboda haka duk wanda ya ce yana da "maganin shawara" guda ɗaya, tambaye shi wacce daga ciki.

Ta jarirai kuma daban. Da yawansu kan yi ta a kwana na biyu ko na uku saboda hantarsu ba ta gama kama aiki ba, ta washe cikin mako biyu. Wadda ta bayyana a kwanan farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko jaririn ya ƙi kama nono yana ta barci, wannan ta asibiti ce a ranar, domin launin in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma taɓin ba ya gyaruwa. Ana sa jaririn ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila ta musamman, ido a rufe. A duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana, fitilar ɗaki na ɓoye launin.

Ita kuwa shawarar da ake ba aboki, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

"Kamar hanta da jini" fa?

Shaƙuwar da ba ta rabuwa. Mai maganar ya san abin da yake faɗa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa kowane minti ta hanta yake bi.

Malam, kalmar "farfaɗiya" tana da alaƙa da "faɗuwa"?

Tana da ita, kuma tambayar ta yi mini daɗi. Hausa in za ta nuna aiki ya maimaitu sai ta ninka gaɓar farko, harafin ɗ ko t da ya faɗo ƙarshen gaɓa kuma ya koma r. Kaɗa, karkaɗa. Fita, firfita. Haka faɗi ya ba da farfaɗiya, ciwon da ke ta kayar da mutum. Nan ma abin da ido ya gani aka sa wa suna, shi ya sa wanda tasa ba ta kayar da shi, sai dai ya ƙura ido 'yan daƙiƙai bai san inda yake ba, ko ya riƙa tanɗar baki yana jan riga, ba a cika gane cewa ita ce ba.

Asalinta saƙon lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa ya tashi gaba ɗaya. Ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfar baki, ko ta taɓa mai ita. In ta kayar da mutum a gabanka, janye wuta, ruwa da duk abin da zai ji masa rauni, sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, sassauta masa wuyan riga, ka dubi agogo. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki. Ba ya haɗiye harshensa, wannan zance ne kawai, cokalin kuwa haƙori yake karyawa. In jijjigar ta lafa, juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ya zubo, kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sarai. Yawanci minti ɗaya zuwa biyu take yi. In ta wuce biyar, ko ta sake dawowa bai farka ba, ko mai ciki ce, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Me ya haɗa "tashin zuciya" da zuciya?

Ba komai, maƙwabtaka ce. Bakin tumbi na ƙarƙashin ƙashin ƙirji, dab da ita, sai aka ɗora mata laifin. Haka ƙwannafi, ruwan tsamin ciki ne ke hawowa maƙoshi. Sai dai a kula, nauyi a ƙirji mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa, wannan na zuciyar ne da gaske, ko da ya zo da tashin zuciya.

"Hanci bai san daɗin gishiri ba."

Ana faɗa wa wanda aka ba abin da bai san darajarsa ba. Hanci abin da ya tashi cikin iska kaɗai yake kamawa, gishiri kuwa ba ya tashi, sai ya narke a harshe.

Sikila Hausa ce? Kuma gaskiya ne in AS ya auri AS, ɗa na huɗu ne ke fitowa da ita?

Aro ce daga Turanci, daga kalmarsu ta lauje. Wani likita a Amurka, James Herrick, ya ba da bayaninta a 1910 bayan an ga jajayen ƙwayoyin jinin wani majiyyaci sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama kewayayyu. Namu sunan, amosanin jini, ya fi kama abin da mai ciwon ke ji, wato azabar ƙashi, wadda ke zuwa in lanƙwasassun ƙwayoyin sun maƙale a ƙananan jijiyoyi sun tare hanya. Ƙishirwa, sanyi da zazzaɓi na tayar da ita. Ƙwayoyin nan kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, ɓargo ya kasa cike gurbi, shi ya sa jinin kullum a ƙasa yake.

Zancen ɗa na huɗu kuwa, 'yar'uwa, rashin fahimtar "ɗaya cikin huɗu" ne. Ba layi ake bi ba. Kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa: uba ya ba da A (lafiyayyar ƙwayar gado) ko S (ta sikila), uwa ta ba da A ko S, sai a samu kashi 25 cikin ɗari AA, 50 AS, 25 SS, wato masu ciwon. Suna iya haifar huɗu babu mai ita, suna iya haifar uku a jere duk SS. Kuma kada a haɗa wannan gwaji da na rukunin jini, wato A, B, AB da O, wanda ake dubawa kafin ƙarin jini. Harafin A da ke cikin biyun ba abu ɗaya yake nufi ba, kuma takardar da ta ce "O" ba ta faɗi komai game da sikila ba.